A Kai Wa Na'urar Zariya Aiki

Da zarar an ambaci nukiliya, abin da ke fara faɗo wa mutanenmu a rai shi ne bom. Ba mu ga laifinsu ba, gama dattawa ba su manta da gwajin da Faransa ta yi cikin Sahara a 1960 ba, wanda ya sa Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a 1961. Amma wannan ilmi yana da amfanin da ya shafe mu kai tsaye.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani tsohon kwalekwale. Kowane itace yana ɗauke da wani irin sinadari wanda, daga ranar da aka sare shi, yakan ragu da rabi duk bayan shekara 5,730. Da aka auna abin da ya saura, sai aka tarar kwalekwalen ya kai wajen shekara 8,000, watau ba a san wanda ya girme shi ba a Afirka. Abin alfahari ne, sai dai a Jamus aka yi awon.

To, ba kowane awo ne sai an kai Turai ba. Tun 2004 cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take da na'urar nukiliya ƙirar ƙasar Sin. An kafa ta da ƙarfin wajen kilowat 30 kacal, don haka kada kowa ya sa ran za ta ba shi lantarki. Aikinta shi ne a sa mata ɗan ɓarɓashin dutse ko ƙasa, ta yi masa ruwan ƙwayoyin nutiron, sa'an nan yawancin ma'adinan da ke ciki kowanne ya fitar da haskensa na daban wanda ake iya aunawa. Ba ta faɗin shekarun itace, amma tana iya bambanta yumɓun wani wuri da na wani, abin da zai taimaka wajen gane asalin gumakan Nok da ɓarayi suka fitar waje.

Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne rayuka. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, domin ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, alhali kuwa cike yake da gubar dalma. Ido ba ya ganin wannan guba, amma awo yana nuna ta. Har wa yau, irin wannan masifa ta sake aukuwa a Jihar Neja a 2015. Shin sai an fara haƙa kabari kafin a san abin da ke cikin dutse?

Mu a ganinmu, ya kamata Gwamnatin Tarayya ta wajabta auna dutsen kowane rami kafin ta ba da lasisin haƙa. Ƙananan masu haƙa ba su da halin biya, saboda haka Gwamnatocin Jihohi su ɗauke musu wannan nauyi, su kuma sa malaman lafiya su bayyana sakamakon ga masu unguwanni da harshen da suke ji. Hukumar kula da kayan tarihi ita ma ta ware kuɗin awo cikin kasafinta na kowace shekara, ta riƙa aika samfuri Zariya.