Kwaɗon da ke kulle mai gida, ya bar ɓarawo

Kamfanonin da ke ƙera manhajar kwamfuta sun daɗe suna kuka da masu satar fasaha, kuma kukansu yana bisa hanya. Wanda ya yi shekaru yana rubuta manhaja, sa'annan ya tarar da ita an buga a faifai ana sayarwa kuɗin kwanon tuwo, an zalunce shi, kamar yadda ake zaluntar mawaƙanmu da masu shirya fim in aka kwafe aikinsu ba da izini ba. Jayayyarmu tana kan maganin da kamfanonin suka zaɓa, wato kwaɗon da suke ɗaura wa kayansu domin hana kwafi, da kuma masu wa'azin cewa ƙara masa ƙarfi ne zai kawo ƙarshen sata.

A dubi abin da kwaɗon ya haifar. A ƙarshen watan Oktoba na 2005 wani masani a Amurka, Mark Russinovich, ya gano cewa faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja cikin kwamfutar mai saye. Tana ɓuya yadda mai kwamfutar ba zai gan ta ba, kuma masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta suka samu mafaka a bayanta. Sai da kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa, aka kuma maka shi kotu. To, wa abin ya shafa? Wanda ya zaro kuɗinsa ya sayi faifai na halal. Wanda ya sauke waƙoƙin ta ɓarauniyar hanya ko ƙwarzane bai yi ba.

Ba a ɗauki darasi ba. A 2008 kamfanin Electronic Arts ya fito da wasan Spore, ya ƙayyade wa mai saye sau uku kaɗai zai girka shi, daga baya ya mayar biyar da kuka ya yi yawa. Duk da haka wasan ya shiga sahun waɗanda aka fi sata a shekarar. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya wajabta wa mai wasa ya kasance a kan intanet kowane lokaci, layi na yankewa wasa ya tsaya. Mai karatu a Tawa ko Damagaram, wanda ya san halin wutar lantarki da na layi, ya auna wannan sharaɗi da kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilin gazawar ba ɓoyayye ba ne. Manhaja ba ta aiki sai an buɗe ta, saboda haka dole mabuɗin ya iso kwamfutar mai saye tare da kwaɗon. Mutum ɗaya mai haƙuri ya isa ya ɓalle shi, kuma daga ranar kwafin da ba shi da kwaɗo zai yi ta yawo, har ya fi na asali sauƙin amfani. Kamfanin Apple ya cire kwaɗon daga waƙoƙin da yake sayarwa a 2009, kasuwarsa ba ta rushe ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin farashin manhaja ɗaya zai lashe babban kaso na albashin malamin makaranta, kuma ba a sayenta sai da katin bankin da mutane da yawa ba su da shi, mai faifan jabu zai samu ciniki. Hanyar rage sata ita ce farashin da ya dace da aljihun ƙasa, da biya ta wayar salula, da rangwame na gaskiya ga makarantu.

Amma mu ma, malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, muna da tamu tuhumar. Ba ya kyautuwa ƙungiya ta rubuta takardar neman a kare haƙƙin mawaƙa, alhali da manhajar sata aka buga takardar. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda Nijar ke cikinta, ba a ƙulla ta don kare namu kaɗai ba. Kuma uzurin talauci ya yi rauni, tun da akwai manhajar da masu ita suka halatta kwafinta ga kowa: Linux tun 1991, Ubuntu tun 2004, LibreOffice tun 2010. Jandarmomin Faransa, waɗanda ba rashin kuɗi ya kore su ba, sun fara mayar da kwamfutocinsu kan Ubuntu a 2008. Daraktan makarantar da ke da kwamfuta goma zai iya girka waɗannan duka daga ƙaramar ma'ajiya guda, ba tare da biyan ko dala ba. Abin da ya rage masa shi ne horar da malamai biyu ko uku, kuma wannan aiki ne da ƙungiyoyinmu za su iya ɗauka a lokacin babban hutu.