Zakkar Maƙwabtanmu Kirista: Kafin Mu Yi Dariya

Yau ina so mu taɓa wata magana da muka saba yi wa dariya a majalisa, wato kuɗin da maƙwabtanmu Kirista ke kaiwa coci duk ƙarshen wata. Da an tayar da zancen sai ka ji wani ya ce, ai fasto ne ke cinye su. Ni dai a ganina mun yi gaggawar yanke hukunci, domin akwai darasi a ciki da ya shafe mu kai tsaye.

Da farko mu san mene ne abin. Kiristocin da ke ibada da Hausa suna kiransa zakka ko ushiri, wato kashi 1 cikin 10 na abin da mutum ya samu, kuma sun bambanta shi da baiko, wanda mutum ke bayarwa gwargwadon son ransa. Asalinsa yana cikin Littafinsu. A Farawa sura 14 an ce Ibrahim ya ba Malkisadik ushirin ganimar da ya samo. A Littafin Firistoci sura 27 an keɓe ushirin amfanin gona da na dabbobi domin Allah. Ayar da fastoci suka fi jawowa kuwa ita ce Malakai 3:10, inda aka umarci mutane su kawo ushirin cikakke, aka kuma yi musu alkawarin albarka.

Mu ma kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Manomin da ya yi noman damina ushiri yake fitarwa in amfanin ya kai nisabi, mai ban ruwa da wahala kuma rabin ushiri. Sai dai a kuɗi da kayan kasuwa akwai bambanci babba. Musulmi ba ya fitarwa sai dukiya ta kai nisabi, shekara ta zagayo, sannan ya ba da 25,000 a kowace naira miliyan 1. Shi kuwa ma'aikacin coci ya koya wa ushiri, in albashinsa 100,000 ne, zai cire 10,000 duk wata, wato 120,000 a shekara, ko yana da ajiya ko ba shi da ita.

To, mai karatu, ka tsaya ka duba wannan mutumin. Hayar gida na jiransa, kuɗin makarantar yara na jiransa, amma kafin ya taɓa ko kwabo sai ya ware rabon Ubangijinsa. Ko ba ka yarda da aƙidarsa ba, dole ka yarda cewa ya horar da zuciyarsa. A wurinsa bayarwar ibada ce, hanya ce ta tuna wa kansa cewa shi mai riƙon amana ne kawai. Mu fa? 'Yan kasuwarmu nawa ne ke zama su ƙirga kayan shago da bashin da ke waje in shekara ta cika? Da yawa sai dai a raba 'yan canji da atamfa a watan azumi, a kira shi zakka, ba lissafi ba komai.

Ba ina cewa babu matsala a wajensu ba. Su da kansu sun daɗe suna gardama a kai. A 2017 wani ma'aikacin rediyo a Legas, Daddy Freeze, ya tayar da ƙura da ya ce ushiri dokar Isra'ilawa ce ta dā, ba wajibi ba ne a kan Kirista. Fasto Adeboye na cocin Redeemed ya taɓa cewa wanda ba ya biya ba zai shiga aljanna ba, amma a watan Oktoba na 2024 ya fito gaban jama'a ya nemi afuwa, ya ce wannan maganar ba ta cikin Littafi. Masu suka suna kafa hujja da Maimaitawar Shari'a sura 14, inda aka ce ushirin kowace shekara ta uku a ajiye shi domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye. Suna kuma tunatarwa cewa a wasiƙa ta biyu zuwa ga Korantiyawa an ce kowa ya bayar da daɗin rai, ban da tilas. A Markus sura 12 ma, Annabi Isa (AS) ya fifita 'yan anini biyu na wata gwauruwa a kan tulin kuɗin attajirai. Saboda haka duk wanda ya mai da bayarwa tamkar caca, ka zuba goma ka kwashi ɗari, to Littafin nasu ma bai goya masa baya ba.

Amma duk da haka, ina kuɗin ke zuwa? Wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan ya ga sansanin Redeemed da ya zama gari guda. Cocin Winners ta buɗe Jami'ar Covenant a Ota a 2002, Redeemed ta buɗe tata a 2005. Gaskiya ne ana kukan cewa talakan da ya zuba kuɗinsa ba ya iya biyan kuɗin waɗannan makarantun, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai ginin yana nan tsaye, ido na gani.

Yanzu mu waiwayo gida. An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916, fiye da shekara ɗari ke nan. Kuɗin goro da na shanu da na canji da suka ratsa hannun mutanenmu a Sabo da Agege da Mile 12 Allah kaɗai ya san adadinsu. Ina makarantunmu da suka dace da wannan arzikin? Ina asibitinmu? Lokacin da rikicin kasuwar Shasha ya auku a Fabrairun 2021, mutane suka rasa rumfuna da jari, ai ya kamata a ce akwai asusu tsayayye da za a buɗe washegari a tallafa musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata ba ita ce mu kwaikwayi ushirinsu ba, domin addininmu ya riga ya tsara mana namu, har ya fayyace mutum takwas da za a ba a Suratut Tauba. Abin da za mu ɗauka shi ne tsari. Kowane ɗan kasuwa ya sa ranar lissafinsa a shekara, ya rubuta, ya fitar da haƙƙin Allah cikakke. Wanda bai kai nisabi ba ya yanke wa kansa sadaka ta mako, ko 500 ce. Kowace unguwa ta kafa kwamiti na amintattu, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, don kada mu faɗa ramin da muke nuna wa wasu.

Kuma don Allah mu rage gori. Matar da ke sayar da gari kusa da shagonka, in ka ga ta ware nata za ta kai coci, tana neman yardar Mahaliccinta ne da iyakar saninta. Kai ka tambayi kanka yaushe rabonka da fitar da naka.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa kasuwa albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.