RA'AYINMU: Inda Hanya Ta Bi, Nan Arziki Ke Sauka

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Kudu, hanya ce ta kawo shi, ita ce kuma ke ciyar da shi.

Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fataucin shanu da goro ya bunƙasa, har aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916. Haka kuma da aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, ƙauyuka kamar su Ibafo da Mowe suka zama garuruwa, Ogere ta zama zangon direbobin manyan motoci.

To, amma hanyar da ta tara jama'a, in ta yanke sai ta watsa su. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta. A 2025 ambaliyar Mokwa ta sake datse hanyar. In haka ta faru, tumatir ya ruɓe cikin mota, dabbobi su galabaita, kaya su yi tsada a kasuwar Mil 12. Manomi ya yi hasara, ɗan dako ya kwana da yunwa.

A ganinmu, wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta riƙa gyara tun kafin gada ta faɗi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su haɗa baki su kai kuka. Direbobi kuwa su daina lodin da ya wuce ƙima, gama shi ke kashe kwalta.