Don Allah Masu Gyara, Ku Daina Yi Mana Fomatin Saboda Baƙin Allo!

Yau da ɓacin rai na zo, a yi mini afuwa in na yi zafi.

Ɗan yayana da ke karatu a nan Legas yana da wata tsohuwar laftof ta gwanjo, ni na ɗora masa Linux Mint a kanta. Ran nan ya girka direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa babbar manhaja da na'urar da ke zana hoto a allo. Ya kashe ya kunna, allo ya yi baƙi ƙirin. Maimakon ya kira ni sai ya hau mota daga Agege zuwa Ikeja wajen wani mai gyara, ɗan uwanmu ne ma Bahaushe. Ko minti biyu mutumin bai yi yana dubawa ba ya ce: "Wannan Linux ɗin ce, ba ta aiki. Kawo a yi fomatin." Ya goge komai, har da babi uku na furojet ɗin yaron, ya ɗora masa Windows na sata, ya karɓi kuɗinsa.

To wallahi wannan ba gyara ba ne, lalaci ne.

Na sake ɗora Mint ɗin, na maimaita abin da yaron ya yi don in gani da idona. Abin da ya faru shi ne: akwai wani tsaro a cikin BIOS mai suna Secure Boot, wanda ba ya barin direban da ba shi da amintaccen sa hannu ya tashi. In an sake kunna kwamfutar sai wani shuɗin shafi ya fito yana neman a yi rajistar mabuɗi, an rubuta Enroll MOK. Yaron ya tsorata ya tsallake shi. Shi ke nan fa! Babu abin da ya ƙone.

Maganin kuwa: yayin kunnawa ka danna Esc ko ka riƙe Shift har jerin GRUB ya bayyana, ka danna e, ka nemi layin da ke da quiet splash ka ƙara nomodeset a gabansa, sannan F10. Galibi hoto zai dawo, ko da ba mai kyau ba. Daga nan ka rubuta mokutil --sb-state ka ga ko tsaron a kunne yake. Ko ka yi rajistar mabuɗin, ko ka kashe shi a BIOS. Kai, ko duk wannan ya gagara, filashin da aka yi girki da shi ya isa a tayar da kwamfutar a kwashe fayiloli kafin a taɓa komai.

Na san masu cewa ai Linux ɗin ce mai wahala. A da can, ban musa ba. Amma direbobin Intel da AMD tare da ita suke zuwa, kuma ko NVIDIA ta buɗe wani ɓangare na nata tun 2022.

Abin da ya sa na damu shi ne, mu nan zango yawancin kwamfutocinmu gwanjo ne. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da sabon furosesa, abin da da yawa daga cikin namu ba su da shi. Me za mu ɗora wa yaranmu ke nan? Na sata da ba a san abin da aka cusa a ciki ba, a kai kuma ake shiga asusun banki?

Na koma shagon na nuna wa mai gyaran yadda ake yi, a gaban yaransa. Ya ce shi ba shi da lokacin wannan, kwastoma na jira. Yaron kuwa yana nan yana sake rubuta babi na biyu daga takardun da ya tsinto a jaka.