Baiwa Ba Sarauta Ba Ce

Ɗalibin Hausa da ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai ci karo da kalmar "baiwa" da ma'ana biyu, rubutunsu iri ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su. Akwai baiwa wadda jam'inta bayi ne, irin sunan da Maryamu ta kira kanta da shi a farkon Bisharar Luka. Akwai kuma baiwa wadda jam'inta baye-baye ne, wato abin da Allah ya ba mutum ba don guminsa ba. Wannan ta biyun ita ake nufi idan Kiristoci suka ce baye-bayen Ruhu, kuma ita ce masu wa'azi suka fi karkatar da ma'anarta.

Bahaushe ba ya cewa wane ya koyi baiwa ko ya saye ta, cewa yake yi Allah ya yi masa baiwa. Ashe mafassara sun dace da kalma, domin ta Helenanci da Manzo Bulus ya yi amfani da ita ta fito ne daga kalmar da ke nufin alheri. Abin da aka samu ta hanyar alheri kuwa ba abin taƙama ba ne. Amma a majami'u da dama yau, an mai da baiwa tamkar rawani. Mai annabci da mai magana da harsuna suna gaba, mai ziyarar marasa lafiya da mai riƙe kuɗin baiko da amana suna can baya, ba wanda ya ce musu sannu, alhali a sura ta 12 ta wasiƙar Romawa, hidima da koyarwa da bayarwa da jinƙai duk a jeri ɗaya suke da annabci.

Wannan ciwo tsoho ne. Shi ya addabi ikkilisiyar Koranti har Bulus ya keɓe masa surori uku, daga 12 zuwa 14 na wasiƙarsa ta fari. Hukuncin da ya yanke bai bar ƙofar gardama ba: masu magana da harsuna kada su wuce biyu ko uku, su yi bi da bi, a kuma sami mai fassara, in babu shi su yi shiru. Ma'auninsa shi ne ko mai sauraro ya fahimta har ya ƙaru.

Wanda ya taɓa halartar sujada a Maraɗi ko Yamai ya san nauyin wannan ma'auni. Fasto yana wa'azi da Faransanci, tafinta na tsaye a gefensa yana juyawa zuwa Hausa ko Zabarmanci. Gaskiya ne, fassarar da Bulus yake magana a kanta ba ainihin aikin tafinta ba ce, amma dalilin ɗaya ne. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta ji wa'azin fasto ba, na tafinta ta ji. In ya yi tuntuɓe da kalma ɗaya, da kuskuren za ta koma gida. Duk da haka sau da yawa sai an fara waƙar farko ake ƙyafato wani saurayi a ce ya zo ya tsaya, ba a nuna masa nassin ba, ba a yi addu'a tare da shi ba. Dattawan ikkilisiya da ke shafe makonni suna shirya taron farkawa sun isa su ba tafinta nassin wa'azi tun ranar Jumma'a.