RA'AYINMU: Kafin a cire injekta a sa kafireta, a fara leƙa tanki

Duk mai bin hanyar da ta taso daga Kandi ta ratsa Guéné ta shiga Malanville ya san cewa ba manyan tireloli kaɗai ke riƙe da kasuwancin wannan yanki ba. Ƙananan motoci ne, irin su a-kori-kura da bas-bas da tsofaffin Peugeot 504 da 505 da Toyota iri-iri, ke kwaso albasa da masara da shinkafa da dabbobi daga ƙauyuka zuwa kasuwar dabbobi ta Guéné da babbar kasuwar Malanville. Akasarin waɗannan motoci kuwa na 'yan kasuwa ne, wasu da jarin shekaru suka saye su, wasu da bashi. Don haka abin da ake yi wa waɗannan motoci a gareji magana ce ta dukiya da rayuka, kuma ya cancanci a tsaya a yi nazari a kansa.

Wata ɗabi'a ta daɗe da zama ruwan dare a garejojinmu, daga nan har Gaya da Kamba. Da zarar mota ta fara shaƙewa ko tana mutuwa a hanya, sai a ce wa mai ita injekta ce matsalar, a cire ta a sa kafireta a huta. Idan motar ba ta jan kaya yadda ake so, sai a ce a canza mata difaranshal, wato dif ɗin da ke tsakanin tayoyin baya. Matasa masu son gudu kuma nasu neman shi ne a sa musu babbar kafireta mai maƙogwaro biyu, a huda jet, a cire abin da ke cikin salansa don mota ta yi ruri. Wannan jarida na ganin cewa a mafi yawan lokuta ana yi wa mota fiɗa ne alhali ciwonta na cikin abin da take sha da kuma abin da aka ɗora mata.

Ya kamata a yi wa masu son kafireta adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Peugeot 504 ta fito a 1968, kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma shekaru aru-aru wannan mota ce ta raini makanikanmu. Kafireta ba ta buƙatar kwamfuta. Iskar da inji ke zuƙa ce ke jawo fetur ta cikin ƙaramin rami, su gauraya su shiga inji. Idan datti ya toshe ta a tsakiyar daji tsakanin Guéné da Karimama, direba mai sukuddireba da sifana zai iya kwance ta, ya hura, ya mayar, ya ci gaba da tafiya. Motar da aka ƙera da kafireta, shawararmu ita ce a bar ta da kafiretarta, a kula da ita.

Amma motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano yau ba irin waɗancan ba ne. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasashen Turai suka kafa dokar rage hayaƙi ta Euro 1, kamfanoni suka daina sa kafireta a sababbin motocin fetur da suke sayarwa a can. Inji yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi, kafin man ya ƙone tas. A motar injekta kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga, ta duba zafin inji da hayaƙin da ke fita, sannan ta buɗe nozul daidai gwargwado, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Kafireta kuwa saiti ɗaya take da shi, ko da safe ko da rana, ko mota na ɗauke da kaya ko babu. Wanda ya cire na farko ya sa na biyu ya sani cewa a kowace tafiya zai riƙa biyan bambancin a wurin mai sayar da fetur.

Ba a aljihu kaɗai abin ya tsaya ba. Famfon lantarki da ke cikin tankin motar injekta yana turo mai da ƙarfin da ya kai kusan ba 3, alhali kafireta ba ta buƙatar ko rabin ba ɗaya. Idan makanike ya bar wannan famfo bai rage masa ƙarfi ba, mai zai rinjayi allurar da ke rufe kafireta, ya tumbatso ya zuba a kan inji mai zafi, kusa da wayoyin fulogi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ko wuta ba ta tashi ba, fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, zoben fistin ya cinye kafin lokacinsa. Bugu da ƙari, a irin waɗannan motoci kwamfutar ce ke ba fulogi wuta, a wasu ma ita ke gaya wa giya mai sarrafa kanta lokacin da za ta canza. Sai a wayi gari an gyara abu ɗaya an ɓata uku, garin neman gira an rasa ido.

Su ma matasan da ke neman gudu da babbar kafireta ya kamata su fahimci cewa inji ba ya zuƙar iska fiye da girman cikinsa. Idan aka ɗora wa ƙaramin inji kafireta mai faɗin maƙogwaro, iskar kan rage gudu a cikinta, ta kasa jawo mai yadda ya kamata, sai mota ta riƙa tari da sanda a daidai lokacin da direba ya taka don ya wuce tirela. Ƙarar salansa ba ƙarfin inji ba ce. Hanyar nan kuwa ta haɗa tireloli da babura da kekunan shanu da garken dabbobi, ba filin tsere ba ce.

To, idan ba injekta ce mai laifi ba, mene ne? Amsar tana bakin hanya, cikin kwalabe da jarkoki. Kowa ya san cewa yawancin ƙananan motocin yankin nan da fetur ɗin bumburutu suke tafiya, wanda a Benin ake kira kpayo. Man da ya kwana a jarkar da ta yi tsatsa ko ta taɓa ɗaukar wani abu, aka juye shi a fili cikin ƙurar hunturu ko raɓar damina, ba ya rasa yashi da ruwa. Ramin nozul siriri ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya toshe shi. Ruwa kuma ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Bayan shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kpayo ya yi tashin gwauron zabo, kuma duk lokacin da riba ta ƙuntata, marasa tsoron Allah kan nemi cike giɓin da gauraye.

Kada kuma a ɗauka cewa masu kwalabe kaɗai ke da laifi. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta samu gas mai ɗauke da sinadarin farar wuta da ya ninka abin da doka ta yarda da shi a Turai sau ɗaruruwa. A 2020 ne ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar cewa man da za a shigo da shi yankin kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. A farkon 2022 kuma an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, ya lalata motocin jama'a kafin a janye shi daga kasuwa. Duk wannan na nuna cewa tace mai wajibi ne a kan kowane mai mota, ko ina ya saya.

Maganin kuwa bai kai kuɗin fiɗar da ake yi ba. A riƙa canza filtar mai a kan kari, ma'ana kafin lokacin da aka tsara wa motocin Turai, domin hanyarmu da manmu ba irin nasu ba ne. A sauke tanki a wanke shi lokaci-lokaci. A tace mai da mazurari mai ƙyalle mai tsabta kafin a zuba, a guji ragowar gindin jarka. Kada a bar tanki ya riƙa ƙafewa, saboda man da ke ciki ne ke sanyaya famfon. A kula da filtar iska, musamman a watannin hunturu. Idan nozul ya toshe, ana wanke shi, kuma akwai ƙaramar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi inda ciwon yake. Makaniken da ya ce a cire komai tun bai jona wannan na'ura ba, a nemi jin ta bakin wani.

Sai maganar difaranshal. Aikinsa biyu ne. Yana karɓar juyin farfela ya rage masa gudu ya ƙara masa ƙarfi kafin ya kai tayoyi, sannan yana barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan mota na shan kwana. Idan aka ce dif 4 ne, ana nufin farfela za ta juya sau 4 kafin taya ta juya sau 1. A ɗauki misali: mota mai dif 3.9 da injinta ke juyi 3,000 a minti a kan kwalta, idan aka sa mata dif 4.9, a wannan gudun dai injin zai koma juyi kusan 3,800. Za ta fi tashi da kaya da fita daga yashi, amma a doguwar hanya irin ta Malanville zuwa Kwatano, mai sama da kilomita 700, za ta sha mai ta yi zafi. Idan kuma aka yi akasin haka don neman gudu, aka loda mata buhuna, kuloci da giya ne za su biya. Sa tayoyin da suka fi na asali girma shi ma yana canza wannan lissafi, har allon gudu ya riƙa yi wa direba ƙarya.

Saboda haka kafin a taɓa dif, mai mota ya tambayi kansa wace hanya motarsa ta fi bi. Mai jigila tsakanin gonaki da kasuwa a hanyar burji da yashi buƙatarsa daban da ta mai zirga-zirga zuwa Parakou. A tabbata an ƙirga haƙoran dif ɗin da za a saya an kwatanta da na wanda aka cire, kada a tsaya ga cewa ya shiga daidai. Mota mai jan gaba da baya, irin su Hilux, dole lissafin dif na gaba da na baya su zama ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya za ta ci kanta. Masu yi wa dif walda don tayoyi biyu su juya tare su sani cewa abin da ya fitar da su daga taɓo shi ne zai hana motar shan kwana a kan kwalta, ya cinye taya, ya karya sandar aksil. Fiye da komai, dif da ƙarin sifirin suna sa mota ta ja kayan da ya fi ƙarfinta, amma ba su ƙara wa birki komai ba.

Mun san halin da ake ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin. Kaya da yawa suka koma kwale-kwale da ɓarayin hanyoyi, nauyi ya faɗa kan ƙananan motoci, kowa na son ya kwashe na sawu biyu a sawu ɗaya. Wasu har suna ƙara tanki na biyu ko su jera jarkoki a bayan kujerar fasinja. Gobarar da ta tashi a wani rumbun kpayo a Sèmè-Kraké ranar 23 ga Satumba 2023, wadda ta ci rayuka sama da 30, ta isa ta tuna mana abin da fetur ke yi idan aka raina shi.

Muna kira ga 'yan kasuwa masu motoci da su daina barin direba da makanike su yanke hukunci su kaɗai, su riƙa rubuta litar da mota ta sha a kowane sawu, domin alƙalami ne zai nuna ko gyaran ya yi riba ko asara. Muna kira ga shugabannin makanikai da su tashi tsaye wajen koya wa yaransu aikin injekta da na'urar bincike, tunda motocin kafireta ƙarewa suke yi, kuma wanda bai koya ba yau gobe zai rasa abin taɓawa. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan kamasho su sa ido a kan lodin da ya wuce kima tun daga tasha. Ita kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Benin, CNSR, wadda ke duba lafiyar motoci, ya kamata bincikenta ya haɗa da bututun mai da tankunan da aka ƙara da dif ɗin da aka yi wa walda, kafin ta ba mota takarda.

A ƙarshe, Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Filtar mai da mazurari mai tsabta ba su kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, amma injin da ya buga ko motar da ta ƙone da kaya a ciki kan tafi da jarin gida guda. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.