A rubuta alkawari a bango, ba fuskar shugaba ba

A wani ƙaramin gari na kan gudron da ya haɗa Maraɗi da Damagaram, wanda ba sai mun kama sunansa ba, manya sun yanke shawarar zana hoton wani shugaban ƙasa a bangon tasha, domin tunawa da ranar da ya tsaya a garin. Sun ce ziyara ce ta tarihi. An bi ƴan kasuwa rumfa-rumfa ana karɓar karo-karo, an nemi malaman lakkol da sauran ma'aikata su ma su sa hannu aljihu. Wanda ya yi jinkiri, sai a ce ba shi da kishin ƙasa.

To, mu dai muna da tambaya: me shugaban ya ce a ranar? Dattawan garin ba su manta ba. Ya yi alkawarin famfo, ya yi alkawarin azuzuwan siminti. Har yau mata suna jiran ƴan garuwa, kuma ana shirin zana shugaba a bango alhali yara suna karatu cikin zana. Wane tarihi ke nan ake so mu tuna? Ƙurar motocin rakiya?

Masu wannan shawara su waiwayi baya. Hoton Jori Hamani ya cika ofisoshi har 15 ga Afrilu 1974, sai aka sauke shi aka rataya na Saini Kunce. An zaɓi Mahamman Usman a 1993, sojoji suka kifar da shi a 27 ga Janairu 1996. An kashe Ibrahim Ba'are Mainasara a 9 ga Afrilu 1999. An hamɓarar da Tanja Mamadu a 18 ga Fabrairu 2010, Bazum Mohammed kuma a 26 ga Yuli 2023. Duk lokacin da kujera ta juya, hannun da ya shafa fenti jiya shi ne yake riga kowa zuwa gogewa. A ƙasarmu mai fenti ne kaɗai bai taɓa faɗuwa zaɓe ba.

Manyan birane ma sun ɗanɗana irin wannan ado a bukin 18 ga Disamba mai zagayawa: Dosso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Ba za mu yi ƙarya ba, an shimfiɗa hanyoyi, an ta da gine-gine. Amma a tambayi Badamagare ko ƙishirwar bazara ta bar garinsa bayan baƙi sun watse, shi zai faɗa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Za a ce mana girmama baƙo al'adarmu ce. Gaskiya ne. Sai dai shugaba ba baƙo ba ne a ƙasarsa. Harajin ɗan kasuwa da kuɗin duwan su ne man motar da ta kawo shi. Wanda aka ɗora wa amanar gona ya zo duba shuka, ba a gina masa hasumiya don ya zo.

Ga shawararmu. Tun da an riga an tara kuɗin, a saya fentin, a kira mai zane. Amma maimakon fuska, ya rubuta ranar ziyarar da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, a ƙarƙashinta ya jera alkawuran da aka yi ɗaya bayan ɗaya. Gaban kowane alkawari a bar fili. Ranar da famfo ya kawo ruwa, a rubuta ranar a wurin. Wannan bango babu sabon shugaban da zai sa a goge shi, domin bashin na ƙasa ne, kuma duk wanda ya gaji kujera ya gaje shi.

Alkawari kaya ne, in ji Bahaushe. Manyan gari, in kun tabbata an sauke shi, me kuke tsoro a rubuta?